Littafin sakatare: ƙungiyar tsofaffin sojojin hulɗa da farar hula a Sakkwato

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Yau muka yi zaman farko, mu tara, a zauren tsohon samanjanmu da ke Mabera. Hunturu ya kankama, kowa ya naɗe kansa, an ajiye kaskon garwashi a tsakiya. Ni aka ɗora wa rubutu, shi ya sa na sayi wannan littafi mai bangon kwali. Duk abin da ya gudana zan sa shi da kwanan watansa, mai daɗi da marar daɗi.

Dukkanmu tsofaffin sojoji ne, kuma kowannenmu ya taɓa riƙe aikin hulɗa da farar hula, wanda a bakin bariki ake ce wa Simik. Wanda bai san aikin ba yakan ɗauka rabon shinkafa ne da gidan sauro a gaban masu ɗaukar hoto. Mai wannan aiki shi ake turawa gaba ya zauna da hakimi da liman tun motoci ba su shigo gari ba. Shi zai san ranar kasuwa, ya san rijiyar da mata ke ɗiba da asuba don kada a kafa shinge a kan hanyarta. In motar soja ta take akuya ko ta rushe katangar wani, wurinsa ake zuwa. In kuma kwamanda na shirin yanke shawara, shi ne zai matso ya ce, "Yallaɓai, taron can da aka hango, 'yan ɗaurin aure ne."

Kwana goma ke nan da abin da ya faru a ƙauyuka biyu na ƙaramar hukumar Silame, ranar 25 ga Disamba, inda jiragen yaƙi suka kai hari kan 'yan bindigar Lakurawa, aka kuma binne mutanen ƙauye. Hukumomin soja sun ba da nasu bayani, mutanen wurin sun ba da nasu. Kafin wannan akwai Tudun Biri a jihar Kaduna, 3 ga Disamba, 2023, inda harin jirgin soja ya kashe masu Maulidi sama da tamanin. Ba mu taru don yanke wa kowa hukunci ba, mun sa kakin nan, mun san yadda dare yake a daji. Amma zuciyar kowa a zauren nan ta yi nauyi.

Samanja ne ya faɗi abin da ya tara mu. Ya ce, "Abin da munka koya shekara talatin, cikin kawunanmu yake. Ran da anka kai mu kushewa, an tai da shi ke nan. Yaron da anka turo jiya daga Inugu, wa za ya gaya mai?"

Muka tashi a kan za mu kafa ƙungiya.

Laraba, 15 ga Janairu

Ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Bayan an watse daga fareti muka tsaya a gindin dogon yaro, mutum kusan ashirin suka kewaye mu, labari ya riga ya bazu. Tambayar farko da aka yi mini ita ce ko ƙungiyar za ta bi mana haƙƙin fansho. Ta biyu ita ce me ya hana mu tsaya a cikin ƙungiyar 'yan mazan jiya ta ƙasa kawai.

Na ba su amsa gwargwadon abin da muka tsayar. Ƙungiyar 'yan mazan jiya uwa ce, dukkanmu 'ya'yanta ne, ba mai fita. Maganar fansho kuma tana da hukumarta da masu binta. Tamu ta sana'a ce, kamar yadda maƙera ke da tasu ko da yake duk 'yan kasuwa ne. Wasu fuskarsu ta canza, kuma ban ga laifinsu ba. Mutumin da kuɗin maganin matarsa ya gagara, in ka ce masa zo mu rubuta tarihi, sai ya dube ka. Amma na tabbata ranar da muka buɗe ƙofar fansho, kowane zama a kanta zai ƙare, ba za a sake ambaton ƙauye ba.

Manjo mai ritaya da ke cikinmu, wanda ya yi kwas a waje, ya kawo misalin Amurka. Can masu wannan aiki sun kafa ƙungiyarsu tun 1947, bayan sun dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu inda suka riƙe garuruwan Jamus da Japan, kuma har yau suna taro duk shekara suna buga abin da suka tattauna. Ƙawancen NATO ma yana da cibiyar koyar da aikin a ƙasar Holan. Mu kuwa sai a 2010 hedikwatar sojan ƙasa ta buɗe sashen hulɗa da farar hula, aka ƙara da teburin kare haƙƙin ɗan Adam a 2016. Alhali sojan Najeriya na zama da mutanen ƙauye a ƙasashen waje tun Kwango a 1960, da Labanon daga 1978, da Laberiya a 1990, da Saliyo, da Darfur. Gwanintar tana nan jibge. Ajiyarta ce babu.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Zaman yau ya yi zafi, kuma a kan tambaya ɗaya: wane ne ɗan ƙungiya?

Masu kaki da ke bakin aiki, mun yarda ba za mu rubuta su ba. Dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta cire sojoji, kuma ko da tamu ba ta ƙwadago ba ce, ba ma son wani yaro ya shiga uku saboda an ga sunansa a littafinmu. Duk abin da za mu ba su, ta hannun shugabanninsu zai bi.

Inda aka ja daga shi ne kan tafintoci. Wani kyaftin ya ce wanda bai taɓa rantsuwar soja ba ba shi da kujera a nan. Samanja ya juyo ya ce masa, "Ranka ya daɗe, ran da kas shiga rugga, bakin wa ka yi magana da shi?" Kyaftin ya yi shiru, daga baya ya yi dariya ya ce an kama shi. Aka tsayar cewa tafinta, da malamin asibiti, da direban farar hula da suka yi aikin tare da mu suna iya shiga a matsayin abokan ƙungiya, su yi magana, amma ba su zaɓe. Ni da na so a ba su zaɓen ma. Rinjaye bai bi ni ba, na rubuta yadda aka yanke.

Mata biyu tsofaffin sojoji sun zo yau, ɗaya saje ce da ta yi aikin jinya. Da ta buɗe baki sai muka gane rabin kowane gari da muka taɓa shiga ba mu taɓa jin muryarsa ba, domin namiji iyakarsa zaure. An sa ta cikin kwamitin rubutu nan take.

Kuɗin wata: naira dubu ɗaya. Ma'aji ya buɗe nasa littafin.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Mun ga lauya. Rajista za ta bi ta Hukumar Rajistar Kamfanoni, ƙarƙashin Sashe na F na dokar kamfanoni ta 2020, wato rajistar amintattu. Ana buƙatar kundin tsarin mulki, da takardar zaman da aka zaɓi amintattu, da sanarwa a jaridu biyu, sannan a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Ya shawarce mu mu cire duk kalmar da za ta sa a zaci mu reshen gwamnati ne daga sunan da muka zaɓa. Mun cire. An zaɓi amintattu biyar. Kuɗin jarida ne babban nauyi, manjo ya ranta mana.

Wasu sun ce mu nemi Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya zama uban ƙungiya, tunda birgediya janar ne mai ritaya, ya yi Saliyo a ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, kafin a naɗa shi a 2006. Na roƙi a dakata. Ba a zuwa fada hannu rabbana. Mu fara yin abin da za mu iya ɗorawa a kan faifai mu nuna.

Asabar, 15 ga Maris, tsakiyar azumi

Yau shekara 122 da yaƙin Giginya, ranar da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, wurin da barikinmu ya samo sunansa. Ban shirya haka ba, amma a yau ne muka fara ɗaukar muryoyi, kuma da samanja muka fara. Bayan tarawi na je gidansa da waya da ɗana da zai riƙe ta. Jikarsa ta kawo kunu da ƙosai, muka zauna a tabarma, fitila mai caji a kan turmi.

Ya yi Darfur a ƙarƙashin Tarayyar Afirka, yana can a 2007 lokacin da aka kai hari sansanin Haskanita aka kashe sojojin kiyaye zaman lafiya aƙalla goma, akasarinsu 'yan Najeriya. Na zaci da wannan zai fara. Sai ya fara da itace.

Ya ce matan sansanin 'yan gudun hijira in sun fita neman itacen girki ana tare su a daji, a yi musu abin da baki ba ya iya faɗa. Mazan ba sa fita, don su kashe su ake yi. Sai aka tsara sojoji su riƙa raka matan. Aka sa lokaci ƙarfe takwas na safe, bayan fareti da karin kumallo. Motoci suka fito, suka tsaya a bakin sansani, ba mace ko ɗaya. Washegari haka. Aka yi mako ana haka, har wani ya fara rubuta rahoto cewa matan ba sa son rakiya.

A kasuwa akwai wata tsohuwa mai sayar da shayi da ya saba zama wurinta. Rannan ya yi tuntuɓe ya ce "wayyo Allah", sai ta ɗago ta ce masa "sannu". Ashe Bahausa ce, kakanninta sun taso daga ƙasar nan a ƙasa za su Makka, hanya ta ajiye su a Sudan, kamar dubban wasu. Ya ce Hausarta irin ta kakarsa ce, har da kalmomin da ya manta. Tun daga ranar yake ce mata Inna, tana ce masa ɗana. Ita ya tambaya. Ta ce, "Ɗana, wa ke zuwa itace da hantsi? Tun kiran assalatu sun fita. Itacen kusa ya ƙare, tafiyar sa'a uku ce. Lokacin da kuke tada mota, su suna ɗaure kaya." Ta ƙara da cewa ko lokacin ya yi daidai, ba macen da za ta bi motar maza baƙi sai in manyan matan sansani sun ce a bi.

Ya koma ya gaya wa kwamandansa. Aka nemi manyan matan ta hannun 'yan sanda mata, aka zauna, su suka zaɓi ranaku da hanya. Ranar farko da aka fita da duhun asuba, ya ce da ya waiga baya, layin mata da jakuna ya fi ƙarfin idonsa.

Nan ya yi shiru. Na ce a kashe wayar, ya ce a bar ta. Ya ce, "Mako guda munka ɓata. Cikin makon nan mata nawa anka tare? Tambaya ɗaya ce ba mu yi ba."

Mun tashi ƙarfe ɗaya saura. Ɗana bai ce uffan ba har gida. Na kwafe muryar a wuri biyu kafin na kwanta.

Asabar, 12 ga Afrilu

Sanarwa ta fito a jarida, ana ƙirga kwanaki. Mambobi talatin da ɗaya a rubuce, waɗanda suka biya kuɗin wata sha huɗu. Sallah ta cinye aljihun kowa. Ma'aji ya so a karanta sunayen masu bashi a zama, na hana. Dattijo mai jikoki ba a kunyata shi a kan dubu ɗaya. Za mu bi su gida ɗaya bayan ɗaya.

Wani ya zo da saƙo daga wani ɗan siyasa: zai ba mu ofis da kujeru da mota, in za mu sa hotonsa a bango mu kuma fito ranar taronsa da hulunanmu na soja. Gaskiya ofishin ya ja hankalin mutane, don zauren samanja ya yi mana kaɗan, zafin Afrilu kuma ba ya wasa. Saje ce ta kashe maganar. Ta ce ranar da aka gan mu a bayan wani ɗan takara, rabin kowane gari ya rufe mana ƙofa, kuma jarinmu ke nan gaba ɗaya, a buɗe mana ƙofa. Muka mayar da godiya cikin ladabi. Mun samu aron aji a wata makarantar Islamiyya, ranar Alhamis da yamma da ba karatu.

Asabar, 10 ga Mayu

Wannan ce rana mafi nauyi tun da muka fara.

Mun ga bai kamata mu rubuta yadda ake zama da mutane ba tare da mun zauna da su ba. Ta hannun wani uban ƙasa da ya san manjo, aka haɗa mu da mutanen gabas da suka baro garuruwansu, daga wajen Sabon Birni da Isa da Rabah, suna zaune a kangaye a bayan gari. Mu huɗu muka je, ba kaki, ba hula. Maza suka zauna da mu a inuwar wani gini da ba a rufa ba, saje ta shiga wurin mata.

An daɗe ana gaisuwa ba wanda ya saki jiki. Sai wani dattijo, gemunsa fari fat, carbi a hannu, ya ce, "Ku yi haƙuri, 'ya'yana. Abin da za mu faɗi, ina za shi?" Na ce masa, "Baba, littafi za shi, ba suna, ba sunan gari." Ya dube ni har na ji nauyi, sannan ya fara.

Ya ce sojoji sun taɓa zuwa garinsu da rana, babbansu mutumin kirki, ya yi sallama, ya nemi mai gari. Mai gari ba ya nan, sai aka nuna gidan wani maƙwabcinsa don yana jin Turanci kaɗan. Aka shiga zaurensa aka yi rabin sa'a, aka sha ruwa, aka fito ana musabaha a gaban kowa. La'asar ta yi motoci suka tafi. Bayan kwana biyu ɓarayin daji suka zo da dare, gidan nan kaɗai suka nufa. Ya ce, "Ba abin da yag gaya musu. Farashin gero sunka yi hira. Amma wa ka shaida?"

Na yi aikin nan shekaru, kuma na sha shiga zauren mutum ɗaya don ya fi sauƙin magana. Ina zaune a wurin nan ina ƙirga zaurukan da na shiga na fita, ban kuma san abin da ya biyo baya ba.

Wani matashi ya yi bayanin harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa gari kafin a yi shuka, da wanda ake biya kafin girbi. Ya ce in gari ya biya, sai a ce suna haɗa baki da ɓarayi. In bai biya ba, ba noma. Ya tambaye mu, "Yallaɓai, in kai ne, ya za ka yi?" Ba wanda ya amsa a cikinmu. Akwai kuma wani ardo da ya zo daga baya ya zauna a gefe. Shanunsa an kore, ƙaninsa an kashe, amma ya ce a kowane shinge shi ake fara saukewa daga mota saboda kamanninsa. Ya ce abin da yake roƙo kawai a samu mai jin Fulatanci a wurin, ko gaisuwa ce.

Saje ta fito idonta ja. A mota ta ce matan sun yi maganar naƙuda da dare: an hana hawa babur bayan magariba, asibiti na nesa, ba wanda ya gaya musu wa za a kira ko me za a ce a shinge. Suka ce sojan da ke wurin ma tsoro yake ji, sun gani a fuskarsa, ba su riƙe shi a zuci ba. Hanya kawai suke so a tsara tun kafin daren ya zo.

A daren nan na rubuta ƙa'idoji biyu don a sa cikin kundinmu. Ƙungiya ba ta tattara bayanan sirri ga kowa, kuma duk mamban da ya yi haka da sunanta ya fita. Sannan duk muryar farar hula da muka ɗauka, ba suna, ba gari, kuma ba ta zama a wayar kowa.

Alhamis, 29 ga Mayu

An amince da ƙa'idojin biyu. Mutum ɗaya ya ƙi, ya ce in muka ji inda ɓarayi suke muka yi shiru mun ci amanar ƙasa. Manjo ya ce masa duk ɗan ƙasa na da damar kai rahoto da kansa, ba a hana shi ba, amma ba da rigar ƙungiya ba. Bai gamsu ba, ya tashi ya fita. Mutumin kirki ne, mun yi Saliyo tare. Zan je gidansa bayan Babbar Sallah.

Asabar, 21 ga Yuni

Ruwa ya sauka, wasu sun tafi gona, zama ya ragu. Mu biyar na kwamitin rubutu muna kan ɗan littafin aljihu da muke son sojan da aka turo yankin nan ya riƙe. Shafi ashirin da huɗu muka sa wa kanmu, don abin da ya fi haka ba mai karantawa a bakin shinge. Turanci a hagu, Hausa a dama, gaisuwar Fulatanci da Zabarmanci a ƙarshe.

Rubuta abin da jiki ya saba da shi yana da wuya. Mun ɓata zama guda cur a kan takalmi. Ladabi ya ce ba a taka tabarmar dattijo da takalmi. Aiki ya ce soja ba ya kwance but a wurin da ba tabbas. Kyaftin ya ce aiki ne gaba, samanja ya ce to kada a yi mamaki in an ba ka amsa baki daban zuciya daban. Mafitar da ta fito daga ƙarshe ta haɗu da darasin dattijon nan: kada ka shiga zauren kowa. Ka roƙi a fito da benci ƙofar masallaci ko gindin bishiyar da aka saba zama, a kira mai gari da liman da sarkin noma da ardo da shugaban matasa gaba ɗaya. Takalminka na ƙafarka, ba ka taka shimfiɗar kowa ba, kuma ba mutum ɗaya da za a nuna gobe a ce shi ne.

Sauran sun zo da sauƙi. Cire baƙin tabarau kafin ka yi sallama. Kada ka katse gaisuwa, ko ta kai minti biyar, a cikinta ake auna ka. In an kawo ruwa ka kai baki. Gidan da aka rubuta "ba shiga", ko ba a rubuta ba, mace ce ke shiga. Kada ka yi alkawarin rijiya ko aji in ba kuɗin a hannu, ka ce za ka kai magana. In an haƙa rijiyar burtsatse, a san tun ranar wa zai gyara tuƙa-tuƙar in ta lalace, kuma da kuɗin wa. A kan wannan kowa na da labarin famfon da ya mutu cikin wata shida, allon sunan wanda ya buɗe shi na tsaye.

Saje ta rubuta shafi biyu kan shinge da dare: a sanar da unguwar zoma da mai gari lambar da za a kira, a yarda da alamar fitila tun da rana. Abokinmu da ya yi aiki da ƙungiyoyin agaji ya ƙara shafi a kan dalilin da ke sa ma'aikatan agaji gudun shiga motar soja. Ya ce ba raini ba ne. Ƙa'idojin Oslo na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce a nemi kayan soja a aikin agaji in ba wata hanya kawai, domin in aka gan su tare, gobe ba za su iya shiga inda soja ba ya shiga ba.

Asabar, 2 ga Agusta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kofur ɗinmu mai jin Zabarmanci ya rasu daren Laraba, zazzaɓi na kwana uku. An yi jana'iza Alhamis da safe cikin yayyafi.

Shi ne na bakwai a jerin waɗanda za mu ɗauki muryarsu. Na tsara jerin bisa muƙami, manya a gaba, kamar yadda muka saba a bariki. Sau biyu yana tare ni bayan zama yana cewa, "Oga, yaushe za ka zo? Akwai maganar Laberiya." Ina ce masa bayan damina. Ya yi shekara biyu a can yana shiga tsakanin sojoji da mutanen kasuwa, kuma shi kaɗai ne a cikinmu ya san ƙauyukan bakin iyaka ta wajen Gudu da Tangaza gida-gida.

Yau da muka je sadakar uku, mai ɗakinsa ta aiko yaro da wata leda. A ciki akwai littafin makaranta mai shafi arba'in, ya cika rabinsa da ajami. Ashe da ya ga ban zo ba, ya fara rubutawa da kansa. Ta ce a faɗa mini ya ce na sakatare ne. Ban iya buɗe shi a wurin ba.

Na sake jerin. Yanzu da shekaru da lafiya ake bi, mafi tsufa a gaba, mutum biyu kowane mako, ko ana ruwa ko ba a yi. An kuma buɗe asusun ta'aziyya daban da kuɗin wata, wanda ya ga dama ya sa. Wannan bai saɓa wa abin da na faɗa a Janairu kan fansho ba, haƙƙin zumunci ne.

Asabar, 6 ga Satumba

Takardar rajista ta fito, lauya ya kawo ta ranar Laraba. An biya manjo rabin bashinsa. Mambobi arba'in da uku, abokan ƙungiya shida. Wanda ya fita a Mayu ya dawo, ya zauna a baya, da aka zo karatun shafin shinge shi ya gyara mana kalma biyu.

Muryoyi goma sha shida ke hannu. Wani malami a unguwarmu yana mayar da ajamin marigayi zuwa boko, ya kai shafi na goma sha ɗaya. A ciki akwai jerin ranakun kasuwannin bakin iyaka da hanyoyin da masu jakuna ke bi a damina, da gaisuwar Zabarmanci da amsoshinta, waɗanda muka rasa mai tabbatar mana. Sun shiga shafi na ashirin da uku.

Littafin aljihu ya kammala, sai dai ba za a buga ba tukuna. Alhamis mai zuwa za mu koma wurin mutanen gabas mu karanta musu shi daga farko har ƙarshe, saje ta karanta wa mata, ardo ya duba Fulatancin. Abin da suka ce a cire za a cire. Bayan nan manjo zai rubuta wasiƙa zuwa hedikwatar Runduna ta 8 da ke nan Sakkwato, mu nemi izinin gabatar da shi ta ofishin da ke kula da hulɗa da farar hula. Mai buga littattafai ya ba mu farashin kwafi ɗari biyar, abin da ke asusu bai kai rabi ba, ma'aji zai zagaya.

Gobe bayan la'asar ina Runjin Sambo wurin tsohon direban da ya yi Labanon. Shekararsa ta haura saba'in, kunnensa ya yi nauyi, 'yarsa ta ce in zo da wayar da ta fi ɗaukar murya.